Ziyarar tabkin Madarunfa: yadda mutum zai shirya tafiya shi kaɗai

In kaka ta wuce, gero ya shiga rumbu, an cire gyaɗa, an roro wake, manomi yakan samu ɗan sarari. Wasu su tafi cin rani. Wasu su koma aikin garka. Wasu su zauna gindin itace suna hira har rana ta faɗi. Akwai wani abu kuma da mutum zai iya yi da kwana ɗaya ko biyu cikin wannan lokaci. Ya tashi ya je ya ga tabki da daji da tsuntsayen ƙasarsa, ya huta, ya ƙaru da sani. Wannan shi ake kira yawon buɗe ido.

Mutane da yawa na tsammanin yawon buɗe ido sai Nasara da masu kuɗi. Alhali talaka ma yana da ido, kuma yana gajiya. Mutanen jihar Maraɗi ba sai sun je nesa ba. Tabkin Madarunfa na nan kusa da su. Mutum ɗaya zai iya zuwa da ɗan guzurinsa, ba hayaniya, ba gaggawa. Amma tafiyar mutum ɗaya tana son shiri, don ba shi da abokin da zai tuna masa abin da ya manta.

ABIN DA KE MADARUNFA

Garin Madarunfa yana kudu da Maraɗi. Tsakaninsu bai wuce kilomita 25 ba. Tabkin yana gefen garin. Ruwansa na zuwa daga ruwan sama da kuma gulabe biyu: Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi. Da damina tabkin yakan cika ya bazu. Da rani yakan ja baya, ya bar laka mai albarka inda ake shuka kayan garka.

Kusa da tabkin akwai gandun daji na gwamnati, mai faɗin sama da hekta 800. Hekta ɗaya fili ne mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100. Kewaye da tabkin kuma akwai kushewu. Mutanen wurin na cewa waliyyai 99 ke kwance a nan. Jama'a na zuwa ziyara daga Nijar da Najeriya.

Duniya ma ta san da wannan wuri. A shekarar 2006, Nijar ta miƙa sunan tabkin da gandun dajin da kushewun ga hukumar UNESCO, cikin jerin wuraren da take son a sa su cikin kayan gadon duniya. A shekarar 2019 kuma aka sa tabkin cikin yarjejeniyar Ramsar, da fili sama da hekta 500. Ramsar sunan wani gari ne a ƙasar Iran. A can ƙasashe suka taru a 1971, suka yi alkawarin kiyaye tabkuna da fadamu masu amfani ga mutane da tsuntsaye. Nijar ta shiga wannan alkawari a 1987.

Ke nan abin da baƙi ke ji a takarda, ɗan Safo ko Gabi ko Jiratawa zai iya ganinsa da idonsa cikin yini ɗaya. Gani ya kori ji.

WANE LOKACI YA FI?

Lokacin ɗari ya fi, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Dalili uku ne.

1. Tabkin yana da sauran ruwa da yawa, hanya kuma ta bushe.
2. Rana ba ta da zafi sosai, mutum na iya yawo da ƙafa.
3. Lokacin ne baƙin tsuntsaye ke zuwa daga ƙasashen Turai. In sanyi ya tsananta can, ruwa ya daskare, abinci ya ƙare masu, sai su ƙetaro teku da hamada, tafiyar dubban kilomitoci, su sauka tabkunan ƙasashenmu. Wajen watan Maris su koma.

Da bazara, cikin Afrilu da Mayu, zafi ya yi yawa, ruwa kuma ya ragu. Da damina daji ya yi kore, ga shamuwa ta zo, amma sauro ya yi yawa, hanyoyi sun yi caɓi, aikin gona kuma ba ya barin manomi ya motsa.

In buji ya taso, hazo ya rufe sama, ba a ganin nesa. Gara a ɗaga tafiyar zuwa ranar da gari ya washe. Mai tafiya shi kaɗai yana da wannan sauƙi: ba wanda yake jira, ba wanda ke jiransa.

TAMBAYA KAFIN A TASHI

Wannan shi ne babban shiri. Tun wajen shekarar 2018, ɓarayi masu bindiga sun addabi garuruwan bakin iyaka tsakanin jihar Maraɗi da jihohin Katsina, Zamfara da Sakkwato. Sun kore dabbobi, sun kama mutane don neman kuɗin fansa. Daji mai duhu shi ne maɓoyarsu.

Saboda haka, kafin mutum ya sa ranar tafiya, sai ya tambayi labarin hanya. Ya tambayi mai garinsu. Ya tambayi direbobin tasha da masu kabu-kabu, don su ke bin hanya kullum. Ya saurari rediyo. In hukuma ta hana bin wata hanya, ko ta hana hawan babur a wasu awoyi, sai a bi umurni. In an ce gari ba lafiya, a fasa. Tabki ba ya gudu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Dajin Baban Rafi, wanda ke kudu maso yamma wajen iyaka, ba wurin zuwan mutum ɗaya ba ne. A shekarun baya giwaye kan shigo shi daga Najeriya, tsofaffin yankin na ba da labarinsu. Mai son jin wannan labari ya ji shi bakin tsofaffi cikin gari. Kada ya kutsa dajin.

Abu na biyu: tafiya shi kaɗai ba ta nufin tafiya a ɓoye. Mutum ya gaya wa iyalinsa inda za shi, da hanyar da zai bi, da gidan da zai sauka, da ranar da zai komo. Wanda ya iya rubutu ya rubuta wannan a takarda ya bar ta gida. In wani abu ya faru, an san inda za a nufa.

Abu na uku: a tafi da rana, a komo da rana. Kada magariba ta riski baƙo bakin tabki ko cikin daji.

GUZURI

Kaya kaɗan sun isa. Mai yawo da ƙafa ba ya son nauyi. Ga abin da ya kamata ya shiga jaka:

1. Katin shaidar ɗan ƙasa. Akwai shingen jami'an tsaro bisa hanya.
2. Ruwan sha mai tsabta cikin gora ko jarka ƙarama.
3. Abincin da ba ya lalacewa: ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, garin rogo da ɗan sukari.
4. Malfa ko rawani don rana, da rigar sanyi don asuba.
5. Takalmi mai rufe ƙafa, saboda ƙaya da ƙarangiya da maciji.
6. Sanda.
7. Sange da tabarma, in za a kwana.
8. Cocila.
9. Salula mai cikakken caji da ɗan kuɗin kira. A rubuta lambobi biyu ko uku a takarda, don ko wayar ta mutu.
10. Littafin rubutu da bik.

Tufafi su zama masu duhu ko launin ƙasa. Farar riga mai ƙyalli tana korar tsuntsu tun daga nesa.

KUƊIN TAFIYA

Kuɗin mota na canzawa, don haka a tambaya tasha kwana ɗaya kafin tafiya. Daga Maraɗi ana samun mota da kabu-kabu zuwa Madarunfa. Ranar kasuwa abin hawa ya fi samuwa, amma garin ya fi cika. Mai neman shiru ya zaɓi wata rana. Wanda garinsu ke kusa zai iya zuwa da keke ko amalanke.

A raba kuɗi kashi huɗu. Kashi ɗaya na zuwa. Kashi ɗaya na komowa, a ƙulle shi dabam, kada a taɓa. Kashi ɗaya na abinci da goron masu masauki da ladan mai jirgi. Kashi na ƙarshe na ko-ta-kwana. A nemi canji tun gida, don mai tuyar kifi bakin tabki ba lalle ya samu canjin jika biyar ba. Kada a fiddo kuɗi duka gaban jama'a. Kada kuma a ci bashi ko a taɓa hatsin iyali don yawon buɗe ido. In babu hali bana, Allah ya kai mu baɗi.

SALLAMA GA MASU GARI

Baƙo ba ya faɗa wa tabkin mutane kamar an jefo shi. In ya isa, ya fara zuwa wurin mai gari ko mai unguwa, ya yi gaisuwa, ya faɗi sunansa da garinsu da abin da ya kawo shi. A wannan zamani, baƙon da ke yawo shi kaɗai yana leƙe-leƙe yana rubutu, ana iya zarginsa. Sallama ke kawar da zargi.

Daga nan ya nemi ofishin ma'aikatan gandun daji. Su ke kula da tabkin da dajin. Su za su gaya masa inda aka yarda a shiga da inda aka hana. Ya nemi shugaban masunta kuma. Masunta sun san tabkin kamar tafin hannunsu. Sun san inda tsuntsaye ke kwana, da inda laka ke riƙe ƙafa. Matambayi ba ya ɓata.

Mai son shiga jirgi ya shirya lada da mai jirgin tun bakin gaɓa. Kada ya shiga jirgin da ya cika, ko mai yoyo, ko lokacin da iska ke kaɗawa. Ya zauna wuri ɗaya, kada ya miƙe tsaye.

Wajen kushewu a tafi da ladabi. A nemi izinin masu kula da wurin, a bi abin da suka ce. Ba a ɗaukar hoton mutum sai da yardarsa. Ba a ɗaukar hoton jami'an tsaro ko wurin aikinsu ko kaɗan.

YADDA AKE KALLON TSUNTSU

Mafarauci ya san wannan aiki, sai dai shi mai kallo ba ya ɗauke da baka ko danƙo. Lokaci biyu suka fi: daga fitowar rana zuwa hantsi, da kuma bayan la'asar. Da tsakar rana tsuntsaye na laɓewa inuwa. Mai ziyara shi ma ya samu inuwa, ya yi salla, ya ci guzurinsa, ya miƙe ƙafa.

Ya zaɓi gindin itace kusa da ruwa, ya ba rana baya don ta haska masa abin da yake kallo. Ya zauna shiru. Ya kashe rediyo, ya rage ƙarar waya. Da farko tsuntsayen za su tashi. In ya yi haƙuri kamar rabin awa bai motsa ba, za su komo, har su manta da shi. A nan ne mutum ɗaya ya fi ayari: mutum goma ba su iya yin shiru.

Ga wasu daga cikin waɗanda ake gani:

Balbela, fara tas, tana bin shanu tana cin farin da suka tayar.
Zalɓe, mai dogon wuya, yana tsaye cikin ruwa kamar an kafa shi, yana jiran kifi.
Kirinjijiya, agwagwar daji mai farar fuska, tana tashi garke-garke tana fito.
Zakaran ƙeƙuwa, mai yawan kuka, shi ke tona asirin duk wanda ya matso.
Shirwa, tana shawagi bisa masu gyaran kifi.
Cilakowa da hasbiya da kurciya, cikin itatuwan gefe.

Banda su, akwai ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke tsattsagar laka bakin ruwa. Da yawansu baƙin Turai ne. Shamuwa kuwa ba a ganinta da ɗari. Ita tana zuwa gab da damina, ta yi ƴaƴa bisa itatuwan gari, in ruwa ya ɗauke ta nufi kudancin Afirka.

A ƙasa, mai sa ido zai iya ganin guza bakin ruwa, da damo, da kurege, da zomo. Ko bai ga dabba ba, zai ga sawunta bisa laka da safe. Wurin masunta kuma zai ga tarwaɗa da karfasa da sauran kifayen tabkin.

Itatuwa ma abin kallo ne: kuka, tsamiya, kanya, marke, da giyayya mai son bakin ruwa. Ga gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Bisa hanya mutum zai ga gonaki cike da ƙananan itatuwa da manoma suka bari suka gyara. Wannan shi ne sassaben zamani. A jihar Maraɗi ya fara yaɗuwa wajen 1984, yau ana koyonsa a ƙasashe da dama.

Duk abin da aka gani a rubuta: sunan tsuntsu, launinsa, guda nawa, wane lokaci, yana cin me. In ba a san sunansa ba, a tambayi masunci ko makiyayi.

KIYAYE LAFIYA

Ruwan tabki ba na sha ba ne, sai an tafasa shi. Wanka cikinsa ma yana da haɗari. Cikin ruwan kwance akwai ƙananan dodon-koɗi da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar na shiga ta fatar mutum in ya yi wanka ko ya daɗe tsaye cikin ruwan. Bayan makonni sai a ga jini cikin fitsari. Wanda ya ga haka ya je gidan likita, akwai magani.

Sauro ya fi yawa bakin ruwa, ko da rani. Mai kwana ya ɗaura sange. In zazzaɓi ya kama shi bayan ya komo, ya je a gwada jininsa, kada ya tsaya jira.

Kada a sa hannu cikin rami ko kogon itace. A duba gindin itace kafin a zauna. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe ko abin hannu, a hana gaɓar motsi, a kai shi gidan likita da gaggawa. Wannan ma dalili ne da ya sa mai tafiya shi kaɗai ba ya nisa da inda mutane za su ji kiransa.

ABIN DA AKA HANA

A 1998 gwamnati ta kafa dokar farauta da kare namun daji. A 2004 ta kafa dokar gandun daji. Ba a farauta sai da takardar izini. Ba a saran itace cikin gandun gwamnati. Mai ziyara ya kiyaye waɗannan:

Kada ya harbi tsuntsu, kada ya kwashe ƙwai, kada ya rushe sheƙa.
Kada ya hura wuta cikin daji, kada ya jefar da guntun taba. Da ɗari ciyawa ta bushe, iska na kaɗawa.
Kada ya bar leda. Dabba na haɗiye ta ta mutu. Ya komo da shararsa cikin jaka.
Kada ya taka garkar mutane, kada ya taɓa taru ko koma.

TABKI NA SON MAI KULA

Tabkin Madarunfa yana ciyar da masunta, da masu garka, da makiyaya, da mata masu tuyar kifi. Amma yana fuskantar haɗari. In an sare itatuwan tudu, ruwan sama na kwaso yashi ya zuba cikin tabki. Shekara bisa shekara zurfinsa na raguwa. Ruwan Gulbin Maraɗi kuma ya ragu tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a Najeriya wajen 1990. Taru mai ƙananan ido yana kwashe ƴaƴan kifi tun ba su girma ba. Maganin ƙwari da ake fesawa garka, in ya yi yawa, yana gangarawa ruwa.

Wanda ya zauna yini ɗaya bakin tabkin zai ga waɗannan da idonsa. In ya koma gida, zai san dalilin da ya sa ake cewa a bar itace cikin gona, a yi gandari da duwatsu don tare zaizayar ƙasa. Gonar da ke tudu da tabkin da ke kwari, igiya ɗaya ta ɗaure su.

Dabba in an kula da ita tana komowa. A 1996, raƙuman dawa 49 kaɗai suka rage a yankin Kure, kusa da Yamai, kuma su ne na ƙarshe a duk Afirka ta Yamma. Hukuma da mutanen karkara suka haɗa kai suka kare su, har suka haura 600. A 2018 aka ɗauko 8 aka kawo gandun dajin Gadabeji, cikin yankin Dakoro, arewacin jihar Maraɗi. Gadabeji na da nisa, hanyarsa yashi ce. Zuwa can sai da izinin ma'aikatan gandun daji, da ɗan jagora, da mota mai ƙarfi. Mai tafiya shi kaɗai ya fara da na kusa.

BAYAN AN KOMO

Tafiya mabuɗin ilimi ce, in an raba abin da aka samo. Wanda ya je ya kawo littafinsa makarantar yaƙi da jahilci, ya karanta wa ƴan'uwa abin da ya rubuta. Malam ya sa sunayen tsuntsaye da itatuwa bisa allo. Tsofaffi su faɗi waɗanda suka sani da, waɗanda yanzu ba a ganinsu. A ajiye takardar. In wani ya je baɗi, a gwada a gani: tsuntsaye sun ƙaru ko sun ragu? Ruwa ya kai inda ya kai bara?

Ga tambayoyi da za a tattauna a makaranta:

1. Don me lokacin ɗari ya fi dacewa da ziyarar tabki?
2. Su wa mutum zai tambaya kafin ya tashi, su wa zai gaida in ya isa?
3. Ta yaya tsargiya ke kama mutum?
4. Wane tabki ko fadama ko daji ke kusa da garinku? Wane tsuntsu ko dabba aka daina gani a can, kuma me ya kore su?